Amsa ga Malama: wace Linux za ki ɗora wa tsohuwar laftof ɗinki

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da dare. Ku yi haƙuri da ƙarar janareta, na maƙwabta ne. Malama, na saurari saƙonki tun da la'asar, ina shago ne aiki ya sha kaina, shi ya sa sai yanzu. Ga waɗanda ba su ji ba, ta ce laftof ɗinta HP ce tsohuwa mai RAM giga 4, da ita take buga tambayoyin jarrabawa da sakamakon ɗalibai. Windows 10 ce a kai, ta ƙi karɓar Windows 11, wani ya ce mata ta koma Linux, ta shiga intanet ta tarar da sunaye barkatai har kanta ya ɗaure. Tana tambaya wacce za ta ɗauka, kuma yaya ake ɗora ta.

To, da farko dai laftof ɗinki lafiyarta ƙalau, kada kowa ya sa ki sayar da ita a wulaƙance. Microsoft ce ta tsayar da tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025, ita kuma Windows 11 tana neman wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da furosesa na baya-bayan nan. Yawancin na hannu da muke saye a kasuwa ba su cika wannan sharaɗi ba. Shi ke nan matsalar.

Amsata a gajarce: ki ɗora Linux Mint, jerin 22. Amma bari in faɗa miki dalili, don gobe in wani ya zo da wata magana ki san abin da za ki auna ta da shi.

Ita Linux asalinta zuciyar tsarin ce kawai, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan. Tunda a buɗe take, kowa na da damar ɗauka ya haɗa ta da sauran manhajoji ya fitar da nasa samfurin. Shi ya sa kika ga sunaye da yawa. Abin da ya kamata ki tambaya game da kowanne shi ne: shekara nawa za su yi suna toshe mata ɓarakar tsaro ba tare da sun sauya min fasalin kayan aikina ba? Wannan shi muke nufi idan muka ce tsari ya zauna daram. Ki kunna yau, ki kunna bayan shekara biyu, firinta na bugawa yadda ta saba, madannan suna inda kika bar su. Malamar da sakamakon aji uku ke jiranta ranar Alhamis ba ta da lokacin da za ta tashi ta tarar sabuntawar daren jiya ta canja mata wuri.

Idan ana maganar zama daram, uwa ita ce Debian. Ian Murdock ya kafa ta a 1993, 'yan sa-kai ne ke riƙe da ita, kuma ba sa gaggawa ko kaɗan, wajen shekara biyu-biyu suke fitar da sabuwa. Debian 13 ta fito a Agustan 2025. Ni ita ce a kan kwamfutar da nake ajiye lissafin shago, ina ƙaunarta ƙwarai. Sai dai tana son wanda ya ɗan saba, akwai ƙananan abubuwan da za ta bar miki ki gyara da hannunki. Daga jikinta aka ciro Ubuntu a 2004, ta kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, mutumin Afirka ta Kudu. A nan ne mutane ke yin kuskure: Ubuntu iri biyu ce. Akwai mai fitowa duk wata shida, tallafinta wata tara kacal. Akwai kuma mai harufan LTS, da ke fitowa a Afrilun kowace shekara biyu, kamar 24.04, ita tallafinta shekara biyar ne. Duk wanda zai sa Ubuntu don aiki, in bai ga LTS a jikin sunan ba ya bar ta.

Ita kuma Mint a kan wannan Ubuntu LTS ɗin aka gina ta. Jerin 22 ya fara fitowa a Yulin 2024, tallafinsa zai kai 2029. Abin da ya sa na zaɓa miki ita, fuskarta kusan irin wadda kika saba ce: jerin manhajoji a kusurwar hagu ta ƙasa, agogo a dama, manyan fayiloli kamar yadda kika san su. Tana zuwa da Firefox ta shiga intanet da LibreOffice ta buga takardu a ciki. Fuskarta kala uku suke bayarwa, Cinnamon da MATE da Xfce. Da giga 4 Cinnamon za ta yi, amma ni Xfce zan ce ki ɗauka, ta fi sauƙin nauyi, za ki ji laftof ɗin ta saki jiki.

Samarin zauren nan, na san wani zai ce Kali ko Arch. Don Allah a bar Malama. Kali kayan aikin masu gwajin tsaron na'urori ce, ba a yi ta don buga jarrabawa ba. Arch kullum cikin sabuntawa take. Fedora ma mai kyau ce, amma kowace fitowa wajen wata goma sha uku ake tallafa mata.

Kafin in zo kan ɗorawa, akwai gaskiyar da ya wajaba in faɗa miki. Microsoft Word da CorelDRAW da Photoshop ba sa hawa Linux kai tsaye. LibreOffice na buɗe takardun Word da Excel, tana kuma ajiyewa a irin tsarinsu, amma wani lokaci tebur ko layi yakan ɗan goce, musamman in babu irin harafin da aka yi takardar da shi. Maganinsa, duk takardar da za ki kai a buga a wani wuri ki mayar da ita PDF tukuna. Idan kuma makarantarku na da wata manhajar sakamako da sai a Windows take aiki, ki faɗa min kafin mu taɓa komai.

Yawwa, yanzu aikin. Abu na farko, kuma wallahi shi ya fi komai: ki kwashe kayanki. Takardu, hotuna, sakamakon shekarun baya, duka, zuwa wata ma'ajiya ta waje. Ki buɗe su a wata kwamfutar ki tabbatar sun kwafu da gaske. Akwai wani bawan Allah da ya taɓa shigo min shago da laftof a hannu, idonsa ya yi ja. Abokinsa ya ɗora masa Linux, ya zaɓi a goge faifan gaba ɗaya, alhali kundin bincikensa na kammala digiri na ciki, babi huɗu, babu kwafi ko ɗaya. Muka kwana biyu muna ƙoƙarin tono shi, abin da muka samu bai kai rabi ba, domin an riga an rubuta sabon abu a kai. Har yau in na tuna yadda ya zauna a kan benci ya yi shiru, raina na ɓaci. Kada ki tsallake wannan matakin.

Sai saukewa. Ki shiga shafin Linux Mint na ainihi, kada ki karɓa daga wani mahaɗi da aka turo a wani zaure. Fayil ɗin ya kusa giga 3, don haka ki jira datar dare ko inda ake da Wi-Fi. Suna ba da wata doguwar lamba mai suna SHA256 da ake gwada fayil da ita a ga ko ya sauka cikakke. Da irin intanet ɗinmu mai yankewa, gwajin nan na da amfani sosai, in kin zo wurin zan nuna miki. Ki nemi filash mai giga 8, ki sa wata ƙaramar manhaja, Rufus ko balenaEtcher, ta rubuta fayil ɗin a kai. Ki sani duk abin da ke cikin filash ɗin zai goge.

Ki kashe laftof, ki soka filash, ki kunna kina danna F9, tunda HP ce. Masu Dell da Lenovo galibi F12 ne. Za ki ga jeri, ki zaɓi filash ɗin. To nan ne abin da na fi so game da Linux: za ta tashi gaba ɗaya daga kan filash ba tare da ta taɓa Windows ɗinki ba. Kada ki yi saurin danna ɗorawa. Ki zauna da ita awa guda. Ki gwada Wi-Fi, ki kunna sauti, ki rage hasken allo ki ƙara, ki jona firintarki ki buga shafi ɗaya, ki buɗe takardar jarrabawar da ta fi yawan tebur ki ga yadda ta fito. Za ta ɗan yi nauyi saboda daga filash take gudu, wannan ba komai. In Wi-Fi bai fito ba kada hankalinki ya tashi, wasu tsofaffin HP na da katin Broadcom mai buƙatar direba na daban, wato 'yar manhajar da ke sa katin ya yi aiki. Ki jona wayarki da kebul ki ba laftof ɗin intanet, bayan an gama ɗorawa ki buɗe Driver Manager ta nemo miki shi.

In komai ya yi, sai ɗorawa. Ki tabbatar batir ya cika kuma caja na jone, in batirin ya mutu ki bari sai inda wuta ba za ta yanke ba, don ɗaukewar wuta a tsakiyar raba faifai ba ƙaramar ɓarna take yi ba. Za ta tambaye ki harshe, da madannai, da yankin lokaci, ki zaɓi Legas, 'yan uwanmu na Nijar su zaɓi Yamai. Akwai ɗan akwatin manhajojin sauti da bidiyo, ki sa masa alama. Sai tambaya mai hatsari: a ajiye Mint gefe da gefe da Windows, ko a goge faifan duka. Ki karanta wannan shafin sau biyu. In gefe da gefe kike so, ki fara kashe Fast Startup a Windows, da BitLocker mai kulle faifai in a kunne yake.

Amma ga shawarar da na fi ba mutane in da hali. Ki sayi ƙaramin SSD, wato sabon nau'in faifan ajiya mai sauri, a cire tsohon faifan a ajiye shi a durowa yadda yake, a ɗora Mint a kan sabon. Windows ɗinki da kayanki na nan ba abin da ya taɓa su, in ba ki ji daɗi ba a mayar cikin minti goma. Ga kuma saurin da za ki gani, tsohuwar laftof in ta samu SSD sai ki rantse sabuwa ce.

Ɗorawar kanta ba ta cika wuce rabin awa ba. In ta gama ki cire filash, ki sake kunnawa. Kalmar sirrin da kika sa ki rubuta ta a wuri mai aminci, da ita za ki riƙa amincewa da kowace sabuntawa. Ki buɗe Update Manager ki sabunta, sannan ki kunna Timeshift, wadda ke ɗaukar hoton tsarin don in wani abu ya lalace a koma baya. Ki lura, tsarin take karewa, takardunki ke za ki ci gaba da kwafe su.

Af, na kusa mantawa, kuma ke da kike koyar da Hausa wannan naki ne. A cikin saitin madannai akwai tsarin Hausa na Najeriya, har da na Gana. In kin ƙara shi za ki riƙa buga ƙ da ɗ da ɓ kai tsaye, ba sai kin je kina kwafo su ɗaya-ɗaya ba.

Yanzu ki juya laftof ɗin, ki ɗauki hoton takardar da ke manne a ƙasanta mai lambar samfuri, ki turo min ta gefe tare da sunan firintarki. Zan duba katin Wi-Fi ɗin da irin SSD da zai shiga. In kuma Asabar kina gari, ki zo da ita shago bayan azahar, filash ɗina a shirye yake, sai mu gwada tare. Sai da safe.