Muryar da aka tura a gidan: tafiyar Alzas da mota mai ɗaki

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri, murya zan yi, hannuna da aiki, in na ce zan rubuta sai gobe ban gama ba.

Ƙanena, na saurari tambayarka tun da safe. Ka ce abokan karatunka sun haɗa kuɗi za su yi hayar mota mai ɗaki, irin wadda ake kwana a ciki, su bi hanyar gonakin inabi ta Alzas a gabashin Faransa, suna tsayawa ɗanɗana giya. Kai kuma kana son ganin gari amma zuciyarka ba ta kwanta ba. To ni ba malami ba ne, malaman gidan nan suna ji, in na karkace su gyara min. Abin da na gani zan faɗa, don na bi hanyar sau biyu, ɗaya da abokan aiki, ɗaya da iyali.

Ni dai cewa nake ka je. Amma ka buɗe baki tun kafin a ta da mota, kada ka bari sai an miƙo maka tambulan ka fara inda-inda. Ka ce ba ka sha, ba ka ɗanɗanawa, kuma kai ne direba. Wallahi murna za su yi. Dokar Faransa ba ta wasa, direba ya wuce giram 0.5 na barasa a litar jini ya shiga uku, mai sabon lasisi ma 0.2 ne. Lasisin ƙaramar mota ya isa muddin nauyin mai ɗakin bai wuce tan 3.5 ba, sai dai ka tabbatar sunanka na cikin takardar hayar.

Inda na tsaya kai da fata shi ne katan-katan ɗin giya da abokan aikina suke saye. Ka san hadisin mutum goma da aka tsine wa a kan giya, har da mai ɗaukarta. Na ce musu zan tuƙa ku, ban tuƙa kayanku. Sun ɗan ɓata rai, daga baya suka ga masu gonar da yawa suna aika wa mutum kaya har gida, magana ta mutu.

Ɗanɗanon kansa, sau ɗaya na leƙa. Ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa, sanyi kamar randa, ga manyan gangunan katako sun fi ni tsawo, wajen na tashin tsami irin na ƙullun da ya kwana biyu. Matar gidan ta jera tambulan, tana zuba ɗan kaɗan kaɗan. Sai ka ga mutum ya juya tambulan, ya cusa hanci, ya kurɓa, ya kurkure baki, ya tofar a wani ɗan bokiti. Suna ta kiran sunayen ire-iren giyar, Riesling, Sylvaner, Pinot Gris. Wani ya ce min ai ba haɗiyewa za ka yi ba, tofarwa ake yi. Na ce a bar ni dai. Na fito, ban sake shiga ba, kuma ba abin da ya rage ni. Ina fitowa na tarar da wani dattijo da almakashi a bakin gona, lokacin kaka ne, ya yanko min nonon inabi guda, mai ruwan hoda, irin da suke kira Gewurztraminer. Ƙanena, zaƙi har cikin kunne, ga ƙamshi kamar an yayyafa masa ruwan wardi. Su can suna neman ƙamshin a cikin tambulan, ni ga shi a tafin hannuna.

Yawwa, nan ka buɗe kunne. Daga Satumba zuwa Oktoba ana sayar da wani abu mai gurɓi-gurɓi, mai zaƙi, suna ce masa Neier Siasser, ana ba da shi da gyadar Turawa. In ka gani za ka rantse ruwan inabi ne. A'a, ya riga ya fara juyawa, akwai maye a ciki. Naka shi ne jus de raisin, wato ruwan inabi, ka ƙara da sans alcool, wato babu maye, ka kuma karanta kwalbar da kanka. Abincinsu ma haka. Choucroute naman alade ne tuli guda, tarte flambée ana barbaɗa mata gutsattsarin alade sai ka ce a cire, baeckeoffe kuwa a giya ake jiƙa naman, kada ma ka tambaya. Amfanin motar ke nan, akwai murhu da firji. Ka sayi namanka a shagon halal a Sitirasbur ko Kolmar, ka tafi da yajinka.

Hanyar kusan kilomita 170 ce, daga Marlenheim zuwa Thann, an buɗe ta a 1953. Kada su ja ka ku ce sai kun gama ta, tsakiyarta ne daɗin. Ku hau Haut-Koenigsbourg da sassafe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su cika wajen. Fada ce a kan dutse, sama da mita 700, sarkin Jamus Wilhelm na Biyu ya sake gina ta daga 1900 zuwa 1908, don a lokacin Alzas a hannun Jamus take, tun 1871 har 1918. Kana tsaye kan ganuwa gonakin suna shimfiɗe a ƙasa kamar tabarma, can gaba kana hango duwatsun Jamus. A ƙauyukan hanyar, Riquewihr kyakkyawa ce amma cunkoso ya yi mata yawa, ni Eguisheim ta fi kwanta min, lungunanta zagaye suke, ka yi ta tafiya ka dawo inda ka faro. Kolmar kuma garin Bartholdi ne, wanda ya ƙera gunkin 'yanci na New York. Abin mamaki, ruwan saman da Kolmar ke samu a shekara, wajen milimita 600, bai kai na Kano ba. Duwatsun Vosges ne ke tare hadarin, shi ya sa inabi ke son wajen.

Ka riƙa ɗaga kai kana duban rufin gidaje. Za ka ga sheƙa ƙatuwa, ta wata tsuntsuwa dangin shamuwa, fara mai jan baki. Su alamar yankinsu ce. Da na je da yara a watan Yuni muka same su tsaye da ƙafa ɗaya. Idan sanyi ya gabato wasunsu kan tsallaka ta Jibraltar su sauko Sahel, wajenmu. A 1974 ma'aurata 9 kacal suka rage a Alzas, kuma farin da aka yi a ƙasashenmu a waɗancan shekarun na cikin dalilai. Na daɗe ina kallonsu, na ce wata ƙila wannan ta fi ni zuwa gida.

Motar kuwa, faɗi gare ta, tsawonta zuwa sama kusan mita 3. Kada ka shigar da ita cikin tsoffin ƙauyukan nan. Ni na yi, na ce ai na ƙware, bango ya cire min madubin gefe, kamfanin hayar ya zaftare min kuɗin ajiya har na ji a haƙarƙarina. Ka ajiye ta a filin da aka ware a bakin gari, ku taka. Nan ake cika tankin ruwa a zubar da dattin ban ɗaki, ku raba wannan aikin tun ranar farko, in ba haka ba kan mai kunya yake faɗawa. Akwai kuma wani shiri, France Passion, ka yi rajistar shekara, manoma su bar ka ka kwana a gonarsu kyauta. Ka matsa a zaɓi masu cuku ko zuma, ba masu giya ba, don ladabi ne ka sayi ɗan wani abu.

Ka tafi da buta da darduma da rigar sanyi, asuba a gindin dutsen nan ba ta da mutunci. In Juma'a ta same ku kusa, babban masallacin Sitirasbur na nan, wanda aka buɗe a 2012. Ga tukunyata na ƙauri, sauran sai ka kira ni bayan Isha.