Tambaya da Amsa: Baƙon da Ya Fara Shugabantar Kwalejin Columbian

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ɗana yana neman gurbin karatu a Jami'ar George Washington da ke Amurka, sai na ji an ce 'yan Baftis ne suka kafa ta, kuma shugabanta na farko wani fasto ne mutumin Ingila. Shin gaskiya ne, kuma ta yaya baƙo ya kai ga wannan matsayi? Daga wani mai karatu a Kafanchan.

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ka ji gaskiya ne. Sunan mutumin William Staughton, an haife shi a garin Coventry na Ingila a 1770, ya kuma yi karatun aikin fasto a makarantar Baftis ta Bristol. Yana ɗalibi ya halarci taron da aka yi a Kettering ranar 2 ga Oktoba, 1792, inda aka kafa ƙungiyar mishan ta Baftis wadda ta aika William Carey ƙasar Indiya. Duk abin da aka yi alkawarin tarawa a wannan zama bai wuce fam 13 da sule 2 da sisi ba, kuma rabon Staughton a ciki sule 10 da sisi ne. A ganina wannan rana ce ta ɗora shi bisa hanyar da ya bi har ƙarshen ransa.

A 1793 ya ƙetara teku zuwa Amurka. Ya fara wa'azi a Georgetown ta jihar Karolina ta Kudu, daga nan ya koma arewa ya riƙa koyarwa a New Jersey, kafin a kira shi ya riƙe babbar majami'ar Baftis ta Filadalfiya a 1805. A can ya yi suna da iya wa'azi, amma abin da ya fi ɗaukaka shi shi ne yadda ya riƙa tara samari a gidansa yana koya musu tauhidi, a lokacin da 'yan Baftis na Amurka suke ƙarancin makarantun horar da fastoci. Da aka kafa babban taronsu na aikin mishan a 1814, shi aka ba sakataren wasiƙu, wato mai hulɗa da masu bishara da ke ƙetare. Saboda haka, sa'ad da Majalisar Dokokin Amurka ta ba Kwalejin Columbian, wadda daga baya ta zama Jami'ar George Washington, izinin kafuwa a Fabrairun 1821, ba a sha wahalar neman shugaba ba, gama mutumin ya riga ya shekara kusan talatin yana yi wa mutanen ƙasar hidima.

Farkon abin ya yi armashi. Bikin yaye ɗalibai na farko a Disambar 1824 ya samu halartar Shugaba James Monroe da Janar Lafayette na Faransa, ko da yake ɗaliban da aka yaye uku ne kacal. Staughton ya kuma zama limamin Majalisar Dattawa. Sai dai an gina kwalejin ne bisa alkawuran gudummawa da ba su cika ba, kuma Luther Rice, wani mai bishara ɗan Baftis wanda ya yi ta yawon tara kuɗin da zuciya ɗaya, bai iya riƙe lissafi ba. Bashi ya yi katutu, albashin malamai ya maƙale, babban taron Baftis ya janye hannunsa a 1826, Staughton ya ajiye aiki a 1827, makarantar ma ta rufe na ɗan lokaci. Ban ga adalci a ɗora masa laifin shi kaɗai ba, amma shugaba ne, kuma ya kamata a ce ya sa ido a kan asusu tun da wuri.

A 1829 aka zaɓe shi shugaban Kwalejin Georgetown ta jihar Kentucky, amma rashin lafiya ya tare shi a Washington kan hanyarsa ta zuwa, ya rasu ranar 12 ga Disamba bai hau kujerar ba.

Game da ɗanka kuwa, ka kwantar da hankalinka ko da wane addini yake bi, domin tun takardar izinin 1821 an haramta hana ɗalibi ko malami shiga saboda aƙidarsa. A 1904 makarantar ta ɗauki sunanta na yanzu, ta kuma fita daga hannun 'yan Baftis.