Amsa ga Kawu kan na'urar da ke jin ƙarar da kunne ba ya ji

Salamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma. Kawu, Allah ya ƙara girma, na saurari muryarka. Ka ce an turo maka wai akwai na'urar da ke jin bala'i tun kafin ya auku, me ya hana a kafa mana ita a Garwa, nan Kamaru, saboda ruwan da ake saki daga madatsar Lagdo.

To Kawu, na'urar akwai ta. "Tun kafin" ɗin nan ne aka sa wa gishiri.

Ka ga, kunnen ɗan Adam yana da iyaka. Duk ƙarar da kaɗawarta ba ta kai sau 20 a daƙiƙa ba, ba ma jin ta. Da irinta giwayen dajin Waza ke kiran juna daga nesa. Ita kuma ba ta saurin mutuwa a iska, babbar fashewa sai ta aika ta dubban kilomita.

Asali don bam ɗin nukiliya aka baza na'urorin, bayan yarjejeniyar hana gwajinsa ta 1996. Ofishin hukumar da ke kula da su na Biyana, ƙasar Ostiriya, kuma tasha 60 aka tsara a duniya. Akwai a Kodebuwa, akwai a Kenya da Tunisiya. Kada mu ce bai shafe mu ba fa, a Sahara Faransa ta fara gwada nata a 1960, can Aljeriya.

Tashar kanta ba wani gini ba ne na a zo a gani. Ma'aunin matsin iska ne ake sawa a rami cikin daji, a shimfiɗa masa bututu ta kowane gefe don kada hucin iska ya ruɗe shi. Sai a sa huɗu ko fiye, a ba su tazara. Wanda ƙarar ta fara isa wurinsa da wanda ta isa daga baya, daga nan ake gane ta inda ta fito.

Kuma suna ji, wallahi. Dutsen da ya faɗo daga sama ya tarwatse a Rasha a 2013, har Antatika aka ji shi. Fashewar tashar jiragen ruwa ta Beirut a 2020, Tunisiya ta ji. Aman wutar dutse a tsibiran Tonga a 2022 kuwa, sai da ƙararsa ta zagaye duniya ba sau ɗaya ba.

Amma duk bayan abin ya faru ne, Kawu. Ƙarar ma kusan awa guda take yi kafin ta ci kilomita 1,000. Inda take ceton rai shi ne idan dutse ya yi aman wuta a wurin da ba kowa, a sanar da jiragen sama su kauce wa tokar.

Ko a Tafkin Nyos na ƙasarmu, inda iskar gas ta kashe sama da mutum 1,700 a dare ɗaya a 1986, Allah ya jiƙansu, bututu aka sa yana zuƙe gas ɗin a hankali.

Ruwan Lagdo kuma ana ganin hawansa da ma'auni kwanaki kafin a saki. Abin da ke damuna shi ne sanarwar ta isa ga masu gona a bakin Binuwai da masunta a kan lokaci, cikin Fulatanci da Hausa, ba Faransanci kaɗai ba. Wannan za ka tayar a wurin mai unguwa, Kawu, maganarka tana da nauyi a can. Ina roƙo kada a ƙara tura wancan saƙon. A gaida su Inna.