Nukiliya: jiya dodo, yau "mai tsabta"

TAMBAYA: Salam Malam. Dan Allah wanga abu ya ɗaure min kai, mu tun muna yara in anka ce nukiliya bom muka sani, yanzu kuma ina ji a rediyo wai Turawa na ce mata makamashi mai tsabta. Ita ta canza ko su? Daga wani mai karatu a Anka, Zamfara.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya su suka fi canzawa. Duniya ta fara sanin nukiliya ne da bama-baman Hiroshima da Nagasaki a 1945, to ka ga da mugun suna ta shigo. A 1953 shugaban Amurka Eisenhower ya tsaya a Majalisar Ɗinkin Duniya yana tallata ta a matsayin abar zaman lafiya, aka yi ta gina tashoshin lantarki ana murna, sai hatsarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka a 1979, sai na tashar Chanobil a Yukren a 1986 wanda iska ta kwashi gubarsa har ƙasashen Turai da dama, shikenan suna ya sake ɓaci. Har na'urar MRI ta asibiti, mai ɗaukar hoton cikin jiki, da farko akwai kalmar nukiliya a sunanta, cire ta aka yi don kar majinyata su tsorata.

Bayan hatsarin tashar Fukushima ta Japan a 2011 Jamus ta ce ita kam ta haƙura, ta kashe tashoshinta uku na ƙarshe a Afrilun 2023. Amma abin dariya, a 2022 Tarayyar Turai ta riga ta sa nukiliya cikin jerin makamashin da ba ya cutar da yanayi, da sharuɗɗa dai, kuma Faransa wadda kusan kashi biyu cikin uku na wutarta daga nan yake ita ce kan gaba wajen turawa. Dalili? Yanzu abin tsoron ya koma ɗumamar yanayi, ita kuma ba ta fitar da hayaƙi irin na kwal da gas, ga yaƙin Yukren da ya sa gas tsada. Bola mai guba da tashoshin ke fitarwa dai tana nan, wadda sai an killace ta shekaru dubbai.

Mu ma fa muna da ƙaramin riyakta, wato injin nukiliya, a ABU Zariya tun 2004, na bincike ne, ba ya ba da wuta, kuma yuraniyom ɗin Arlit a Nijar ga shi nan maƙwabta.

Ku mutanen Anka ba sai an koya muku tsoron gubar da ido ba ya gani ba, kun ga abin da dalma ta yi wa yara ɗaruruwa wajen haƙar zinare a 2010. Ni in aka ce za a kawo mana tasha, ba sunan zan tambaya ba, wa zai kula da bolar zan tambaya, kuma da wane kuɗi.