Tambaya da Amsa: Camry Muscle, Daɗin Hawanta da Abin da Ke Kai Ta Gareji

Yawancin wasiƙun wannan wata a kan mota ɗaya suka zo, wato Toyota Camry ƙirar 2007 zuwa 2011, wadda dillalai ke kira Muscle. Ga waɗanda muka zaɓa.

Assalamu alaikum. Ina shirin sayen Muscle 'yar Kwatano. Masu ita sun rabu gida biyu: wasu sun ce ba ta san hanyar gareji ba, wasu sun ce ta cika shan baƙin mai. Wa zan gaskata, kuma ta wace shekara zan nema? Daga mai karatu a Zariya.

Wa alaikumus salam, Malam. Dukkansu gaskiya suka faɗa maka, domin ba inji ɗaya suke magana a kai ba. Ban da mai haɗa fetur da batir, wadda aka shigo da ita daga Amurka tana zuwa da ɗaya cikin injuna uku. Ta 2007 zuwa 2009 mai silinda huɗu tana ɗauke da 2AZ-FE, lita 2.4, ƙarfin doki 158, da giya biyar. Ta 2010 da 2011 an sauya mata inji zuwa 2AR-FE, lita 2.5, ƙarfin doki 169, ko 179 idan ƙirar SE mai salon wasanni ce, da giya shida. Sai mai silinda shida, wato V6, 2GR-FE, lita 3.5, ƙarfin doki 268, wadda ake samu a duk shekarun biyar.

Ƙorafin shan mai kusan duk a kan na farkon yake. A jikin kowane fistin akwai ringin da aikinsa share mai daga bangon silinda, a bayansa kuma akwai 'yan ramuka da man ke bi ya koma kwanon mai. A wasu injunan 2.4 ramukan nan kan toshe da dauɗar man da ya ƙone, ringin ya maƙale, sai mai ya riƙa haurawa sama yana ƙonewa tare da fetur. Kamfanin Toyota da kansa ya amsa wannan laifi: a 2011 ya aika wa dillalansa na Amurka takardar gyara, inda maganin shi ne sauya fistin da ringi. Ba kowace 2.4 ce ke da cutar ba, shi ya sa za ka ji wani ya rantse tasa ba ta taɓa neman ƙari ba, kuma bai yi ƙarya ba.

Idan aljihu zai ɗauka, nemi 2010 ko 2011 mai 2.5. Amma kada fitila da bamba su ruɗe ka, don ana sauya wa ta 2008 fuska a sayar da ita a matsayin ta 2010. Duba lambar VIN, wato lambar shaidar motar, da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ka ƙirga harafi na goma: 7, 8 da 9 su ne 2007, 2008 da 2009, A shi ne 2010, B kuma 2011. Sannan a ɗaga bonet ka karanta takardar da ke manne a cikinsa, akwai girman injin a rubuce. Idan 2.4 ɗin ka samu, je da sassafe kafin a ɗumama ta, ka sa bakanikenka ya kwance fulogi ko da biyu ne. Fulogin da ya yi farin ɓawo mai kauri ko ya jiƙe da mai ya riga ya tona asirin injin. Rashin ganin hayaƙi a salansa ba shaida ba ce, domin indomi, wato matatar hayaƙi da ke cikin salansar, kan ƙone hayaƙin kafin ya fito.

Tawa ta 2008 ce. Kafin lokacin juye ya yi sai na ƙara mai sau biyu. Bakanike ya ce in koma 20W-50 in kuma zuba maganin ƙara kauri. In yi? Daga Alhaji a Sakkwato.

Alhaji, a dakata tukuna. A fara sanin yawan abin da take sha da kuma inda yake tafiya, don ƙari sau biyu ba ma'auni ba ne.

A yi juye da filta sabuwa. Injin 2.4 yana cin lita 4.3 ne, ba galan mai lita biyar gaba ɗaya ba kamar yadda wasu yaran gareji ke tuttulawa. A tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, a kashe ta, a jira minti biyar zuwa goma, a tabbatar mai yana kan ɗigon sama na sandar geji, a rubuta lambar da ke kan mita. Motar Amurka mil take ƙirgawa, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. Bayan mil 1,200, kimanin kilomita 1,900, a sake dubawa a irin wannan yanayin. Tazarar da ke tsakanin ɗigo biyu na sandar wajen lita ɗaya ce. Ma'aunin da Toyota ta yi amfani da shi ke nan: idan ta sha kusan lita ɗaya ko fiye a wannan tafiya, injin yana buƙatar aiki.

Kafin a ɗora wa fistin laifi, a kawar da abubuwa masu araha. A duba yoyo a gaskit ɗin murfin saman inji da kuma bakin kwanon mai. A kwance bawul ɗin PCV da ke jikin murfin, mai fitar da tururin cikin inji, a girgiza shi. Idan bai yi ƙara ba ya maƙale, kuma maƙalallen PCV kaɗai yana iya sa inji zuƙar mai.

Game da 20W-50, ba mu goyi baya ba. Abin da aka rubuta wa injin nan 5W-20 ne ko 0W-20. Ga wanda ya yi doguwar tafiya, a zafi irin na Sakkwato, 5W-30 mai kyau zaɓi ne na hankali. Mai kauri sosai zai ɗan rage shan, shi ya sa ake ganin kamar ya yi magani, amma ba ya sakin ringin da ya maƙale. Yana jinkirin isa saman inji idan an tayar da mota da safe, ga shi kuma na'urar VVT-i, mai daidaita lokacin buɗe bawul, da ƙarfin mai take aiki ta wasu siraran hanyoyi. Maganin ƙara kauri ya fi wannan muni.

Idan shan bai kai ma'aunin ba, zauna da ita lafiya: duba geji kowane mako, ajiye lita ɗaya a but, ka riƙa juye a kilomita 5,000 saboda ƙurarmu, maimakon 8,000 da littafinta ya ce. Abin da ke kashe injunan nan ba shan man ba ne, barin kwano ya bushe ne har metal ya ci. Idan kuma ya wuce ma'auni, a buɗe inji a auna silinda, a sa fistin da ringi irin waɗanda Toyota ta gyara. Sayen injin Beljiyam a Ƙofar Ruwa ko Panteka ya fi sauri, sai dai wanda za a ba ka shi ma 2AZ ne, kuma yana iya zuwa da cutar da kake gudu.

Da na sayi motata laushinta ne ya burge ni. Yanzu in na hau tudun rage gudu sai in ji ƙwanƙwasa a gaba, wani lokaci cikinta ya goge ƙasa. An ba ni shawarar a ɗaga ta da sifesa. Daga wata Hajiya a Kaduna.

Hajiya, abin da ya burge ki shi ne abin da yawancin masu Muscle ke yabo: taushi, shiru a ciki, da faɗin kujerar baya. Masu kushe ta kuma a wannan taushin suke kafa hujja, cewa tana kwanciya a kwana kuma sitiyarinta ya cika sauƙi. Wanda ya saba da Honda Accord ta zamaninta zai ji haka nan take. Ƙirar SE, mai taya 215/55R17 da sifirin mai tauri, ta fi zama a kwana, amma ta fi jin rami. Ƙirar LE mai taya 215/60R16 ta fi dacewa da titunan cikin gari.

Ƙwanƙwasar kuwa a bi ta daga mai araha. Na farko linkejin sitabilaiza: a ɗaga mota a girgiza shi da hannu, in yana wasa ya mutu. Na biyu robar da ke riƙe sandar sitabilaizar. Na uku babban bushin na ƙasan hannun taya, wanda kan tsage. Alamarsa ita ce jin bugu idan an taka birki ko an tashi da sauri. Shokozoba a ƙarshe: a duba ko tana zubar da mai, a kuma duba kujerarta ta sama. In za a sauya, a sauya hagu da dama tare, a yi alaimen bayan nan.

Tsayin cikinta daga ƙasa santimita goma sha uku ne zuwa sha huɗu, don haka dama ba mai tsayi ba ce. Idan da ba ta gogewa yanzu tana yi, sifirin ne ya gaji. Sifesa a kan gajiyayyen sifirin ba ya dawo da laushi. Yana sauya kusurwar shaft, robarsa ta riƙa yagewa da wuri, taya kuma ta ci gefe. A sa sifirin mai rai ya fi.

Abu ɗaya da ba ya cin kuɗi: iskar taya. Masu faci da yawa 45 ko 50 suke bugawa. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba, talatin ne ko talatin da 'yan kai, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. Motoci da dama da ake kuka da taurinsu iska ce kawai ta yi musu yawa.

Saboda zafin garinmu an cire min tamostat an kuma haɗa fanka kai tsaye. Tun daga nan nake ganin kamar shan fetur ya ƙaru. Akwai alaƙa? Daga mai karatu a Maiduguri.

Akwai, Malam, kuma wannan al'ada tana cikin abubuwan da suka fi cutar da motocin nan a ƙasarmu. An ƙera injin ne ya yi aiki da zafi. Tamostat yana rufe hanyar lagireto har ruwa ya kai wajen digiri 82, sannan ya buɗe. Idan babu shi, ga fanka na juyawa ba tsayawa, injin ba ya kai zafinsa, musamman da safiyar hunturu da kan doguwar hanya. Kwamfutar mota tana karanta zafin ruwa. Muddin ta ga sanyi za ta ci gaba da ƙara fetur. Rarar fetur ɗin tana wanke mai daga bangon silinda, tana tsinka baƙin mai, tana kuma tara irin dauɗar da ke maƙale ringi. Ita ma fankar kwananta ya ragu.

Idan mota tana zafi akwai dalili, kuma ba Maiduguri ba ce dalilin. A duba ko lagireto ya toshe, ko murfinsa ba ya riƙe ƙarfi, ko famfon ruwa yana yoyo. Famfon ruwa sanannen rauni ne a waɗannan injuna, alamarsa busasshen ruwa mai launin hoda a gefen da bel yake. A mayar da tamostat na asali, ɗan bawul ɗin da ke jikinsa yana kallon sama, a mayar da fanka kan rilenta. A zuba kulant na Toyota mai launin hoda, wanda yake zuwa a gauraye. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin gishiri a cikin injin alminiyam.

Don ka tabbatar da shan fetur, cika tanki, wanda lita 70 ne, ka mayar da ƙaramar mita sifili, ka yi tafiyarka, ka sake cikawa, ka raba kilomita da litar da ta shiga. A gwajin hukuma na Amurka, 2.4 tana yin kusan kilomita 9 a lita cikin gari, 13 a babbar hanya. Da esi da cunkoso za ka samu ƙasa da haka kaɗan. Idan ratar ta yi yawa, a sa na'urar sikanin, a wanke sensar iska ta MAF da maganinta, a duba filtar iska da fulogi, wanda na 2.4 Denso SK20R11 ne. Idan na'urar sikanin ta fitar da lambar P0420 kuma, yawanci tana nuna indomi ya mutu ko an sace shi.

Shin V6 ta fi wahalar riƙo? Kuma gaskiya ne ba a sauya man giyarta? Daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi.

V6 ɗin tana da ƙarfi ƙwarai, wuce tirela a hanya ba ya ba ta wahala, kuma ba a san ta da shan baƙin mai ba. Kuɗin riƙonta ne ya fi: lita 6.1 a kowane juye, fulogi uku na baya sai an kwance manifol kafin a kai gare su, fetur kuma kimanin kilomita 8 a lita cikin gari. Kafin ka saya a duba bututun man VVT-i. Na farkon ƙirar yana da guntun roba a tsakiya wanda kan fashe ya zubar da mai cikin ɗan lokaci. A sauya shi da na ƙarfe zalla.

Man giya ana sauya shi. Toyota WS kaɗai take ci, ba T-IV na Big Daddy, wato Camry da ta gabace ta, ba, ba kuma Dexron ba. Masu giya shida ba su da sandar geji, ta wani toshi na ƙasa ake daidaita man, inji na aiki, zafin man yana wajen digiri 40, don haka sai wanda ke da na'urar sikanin. A zubar a cika kawai, kowane kilomita 60,000 ko kusa da haka. Kada a yi wa giyar da ta daɗe ba a taɓa ba wankin matsi da inji.

Dashbod ɗina ya yi danƙo yana ƙyalli. Man gogewa ne ya jawo? Daga mai karatu a Katsina.

A'a, Malam, laifin robar ne. Zafi da rana suna narkar da ita a ƙirar 2007 zuwa 2011, har Toyota ta sauya wa mutane da yawa kyauta a Amurka. Ba ta warkewa, man gogewa kuma ƙara mata ƙyalli yake yi, ƙyallin ya dawo kan gilashi ya kashe wa direba ido da rana. A shimfiɗa mata murfi baƙi marar sheƙi wanda aka yanka daidai ita, a tabbatar bai danne wurin da jakar iska ta fasinja ke fitowa ba. In za a sayi wani dashbod na hannu, a taɓa shi da rana tsaka kafin a biya.