Ruwa tukuna, labari daga baya

Ɗana, sau biyu na saurari saƙonka. Na farko na yi dariya, wai mahaifiyarka ta kori masu kalangu da muciya a hannu. Na biyun ban yi ba. Kana tambaya me ya sa in soja ya dawo daga bakin daga, a gidanmu ruwan wanka ake ba shi, a yi sadakar waina, a hana yara tambayarsa labari. Kuma wai abokin naka da ya dawo daga Tafkin Chadi ya ce yaƙi da daɗi, kamar farauta. Nan gabana ya faɗi.

Na taɓa jin wannan magana. A 1987 ne, ina taya Baba zaman shago a babbar kasuwar Njamena. Cikin Janairu aka ƙwace garin Fada da ke arewacin Chadi daga hannun sojojin Gaddafi, cikin Maris aka ci sansaninsu na Wadi Dum, Hassan Jamus ne ke jan rundunar Chadi. Ɗan maƙwabcinmu yana cikin direbobin motocin Toyota ɗin da sojojin Chadi suka yi yaƙin da su. Ranar da ya dawo dattawa sun tafi jana'iza, sai muka samu sarari muka kewaye shi a ƙofar gida, ana dafa shayi. Rawani ya rufe masa fuska sai baƙin tabarau, takalmansa har lokacin da ƙurar sahara. Ya ce tankar Libiya kafin ta juyo da bakinta, kamar tsohuwar raƙuma, su sun riga sun shige bayanta. Ya ce in ka taka mota sosai, nakiya sai ka wuce take tashi. Ya kwatanta gwangwanayen abincin da suka tarar a sansanin, har da irin waɗanda ba su san yadda ake buɗewa ba. Yana yi yana tafa cinya, muna ihu. Ba ƙarya yake ba, ɗana, mutumin nan ya ji daɗin abin har zuciyarsa. Wallahi da an miƙo min bindiga a daren da na karɓa.

Da Baba ya dawo ya tarar da taron, bai ce wa sojan komai ba, mu ya kora. Daga baya ya ce, tsohuwarsa takan ce mai dawowa daga yaƙi tukunya ce da aka sauke yanzu, a bar ta ta huce kafin yaro ya sa hannu. Ya ce daɗin yaƙi kamar ƙaiƙayi yake, ana ɗauka.

Ƙanena, wanda ka ci sunansa, shi ne ya fi kowa matsawa kusa da butar shayin. Bayan wata biyu ya shiga soja. A ƙarshen 1990, lokacin da Idris Debi ya taso daga gabas, can aka tura su. Ko gawarsa ba mu gani ba. Direban kuwa yana nan, ya tsufa, jikoki fal gida, har yau in ka zauna zai ba ka labarin Wadi Dum yana dariya.

Ku yanzu ba ma sai kun kewaye kowa ba, a waya kuke kallo, an ɗora kiɗa a kai, kuna turawa juna.

Kalangun dai ban ce laifi ba ne, in an kwana bakwai ma tattauna. Amma kar ka kai takardunka na neman shiga soja ko'ina sai na zo ranar Juma'a. Ka ce wa uwarka ta ajiye min waina.