Taliyar soba da riɗi cikin minti 15

'Yar'uwa, kin ce an kawo miki tsarabar taliyar soba, kina neman yadda za ki haɗa ta da riɗi idan kin dawo aiki a gajiye. Ni ma ita ce ke fitar da ni kunya a irin wannan daren.

Soba taliyar Japan ce, daga garin wata ƙwaya da ake kira bakwit. Sananniyar cikinsu, nihaci, kashi 80 bakwit ne, 20 alkama. Kada ki dafa ta kamar sufageti. Ruwa mai yawa, ba gishiri, minti 4 zuwa 5. Da ta dahu ki juye a kwando, ki sakar mata ruwan sanyi kina murzawa da hannu a hankali, har ruwan ya daina fita fari-fari, yauƙin ya tafi. Nan ne mutane ke kuskure. In kika tsallake wankin, dunƙulewa za ta yi kafin ki kai ta faranti.

Riɗi kuwa ga shi a kasuwanninmu. Soya cokali 3 a busasshen kasko, wuta kaɗan, har ya fara tsalle yana ƙamshi, sai ki daka shi da ɗuminsa. Zuba masa soya sos (baƙin ruwan ɗanɗano na waken soya) cokali 2, man riɗi cokali 1, zuma kaɗan, lemun tsami, ɗanyar citta, da ɗan ruwa ya saki. Cakuɗa da taliyar, ki yanka kokwamba da lawashi, ki ɗora dafaffen ƙwai.

Amma don Allah, in ba a taɓa cin bakwit a gidanki ba, a fara da kaɗan. Akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓarsa ko kusa.